Sau Uku Ta Kira Shi

"Tsaya, tsaya," in ji Sesugh. Ya zare abin ji daga kunnensa ya rataya a wuya. "Wannan ma bai yi ba. Hannunka yana kuka, amma bakinka kamar na mai karanta labaran rana. Ka sha ruwa mu sake."

Nuraddeen ya ɗora tafin hannu a kan wayoyin jitar, ƙarar ta mutu. Karo na goma sha ɗaya ke nan tun safe da suka ɗauki waƙar, kuma kowane karo Sesugh sai ya samo abin da zai ce. Abin haushin, duk abin da ya faɗa gaskiya ne.

Situdiyon Sesugh shago ne guda a bayan layin masu gyaran waya, an bi bangonsa an manna kiret ɗin ƙwai don kada murya ta riƙa amsa kuwwa. Mutumin Binuwai ne, ya shekara goma sha biyar a Potiskum, har Hausa ta zauna a bakinsa, sai ɗan abin da ba a rasa ba. Aikinsa na yau da kullum ɗaukar waƙoƙin 'yan coci ne, da tallan maganin basir, da kirarin 'yan takara idan zaɓe ya matso. Shi ya sa ranar da Nuraddeen ya shigo masa da jitar lantarki ya ce kiɗan rok yake yi, Sesugh ya miƙe tsaye ya rungume shi kamar ya ga ɗan garinsu.

A Jos Nuraddeen ya koyi wannan kiɗa, a can kuma yake da ƙungiyarsa ta mutum huɗu. A gida kuwa ba wanda ya san sunan abin. Mutanen unguwa suna cewa "jitar nan mai ihu", dattijai kuma su ce Allah ya shirya. Wata biyu da suka wuce ya dawo gida zaman makokin yayansa Bubayaro, bai koma ba. Abokan kiɗansa suna jiran waƙa ɗaya daga wurinsa su rufe faifansu, kuma yau ce ranar da ya ce zai tura.

Asalin waƙar ba abin alfahari ba ne. Bubayaro ɗan rakiyar shanu ne, irin waɗanda ke hawa saman tirela daga kara, kasuwar shanu, zuwa Kudu, suna lura kada wata dabba ta faɗi sauran su tattake ta. Wata rana motarsu ta lalace a bakin Jos, sai ya bi tambaya har ya gano inda ƙanensa ke gwajin kiɗa. Da la'asar ya shigo, da sandarsa, da takalmin roba, da kashin shanu a ƙafar wando, riƙe da kwalbar man shanu da uwarsu ta ba shi. Olivia, mai rera wa ƙungiyar waƙa, ta ɗan ja hanci ta tambayi Nuraddeen wane ne wannan.

"Wani ne daga garinmu," in ji Nuraddeen. "Aike ya kawo."

Da Hausa ya faɗa, kuma Bubayaro yana tsaye a wurin. Ya dubi ƙanensa, ya gyara sandarsa a kafaɗa, ya ce haka ne, aike ya kawo. Ya ajiye kwalbar a kan amfilifaya, akwatin ƙara sauti, ya gaisa da kowa ya fita. Wata huɗu bayan haka wani bijimi ya danne shi a cikin tirela a kan hanya, gawarsa aka dawo da ita.

To, wannan ita ce waƙar. Nuraddeen ya rubuta ta a zaune a ɗakin marigayin, ya sa mata jita mai nauyi, mai gurnani, ya kuma ɗauka cewa in ya faɗi laifinsa a gaban duniya zai samu sauƙi. Sai ga shi a gaban makirufo muryarsa ta ƙi ba shi haɗin kai.

"Matsalar tana tsakiya," in ji Sesugh yana nuna allon kwamfuta da biro. "Ka ga nan? Jita ta gama ihu, ganga ta tsaya, sai rami. Mutum yana jiran wani abu ya faɗo, ba abin da ya faɗo. Ba ka da wani abu na shi? Muryarsa, ko saƙon da ya taɓa turo maka?"

"Ba ya tura saƙo. Kira yake yi."

"To wani abu dai. Ko kukan shanu ne mu je kara mu ɗauko."

Nuraddeen ya dafa aljihunsa. Yana da wani abu, kuma tun da aka fara maganar rami zuciyarsa take kansa. Kada wani ya ce bai san abin da yake yi ba. Ya sani sarai, ya ciro wayarsa daga aljihu, ya lalubo wurin, ya miƙa.

Ga yadda aka yi ya same shi. Kwana biyu bayan sadakar bakwai, da hantsi, 'yan gaisuwa sun watse, uwarsu Dada ta ɗauka ba kowa a gidan. Shi kuwa yana ɗaki yana ɗaukar wani kiɗa da ya zo masa a waya, a hankali, da baki. Sai ya ji ta a bayan taga, wurin turken saniyar da take kiwo. Ba kuka take yi ba. Kira take yi, irin kiran da ake yi wa wanda ya yi nisa a daji, a ja sunan har numfashi ya ƙare. Bubayaro. Ta yi shiru kamar mai jiran amsa, ta sake. Ta sake.

Duk wanda ya tashi a gidan Fulani ya san nauyin wannan. Bubayaro ɗan fari ne, kuma Dada ba ta taɓa faɗin sunansa ba tun ranar da aka raɗa masa shi. "Wancan" take cewa, ko "yayanka", ko ta yi magana da bango a bar shi ya gane da shi ake. Ba ta cin abinci a gabansa, ba ta yi masa dariya. Ranar da aka kawo gawarsa ma ko hawaye ba ta bari an gani ba, mata suka yi ta yaba mata a unguwa. Shi kuwa Nuraddeen, auta, sunansa ne a bakinta safe da yamma. Kiran farko ya shiga wayar ne ba da niyya ba, wannan Allah ya sani. Amma kafin na biyu, Nuraddeen ya tashi a hankali ya matsar da wayar jikin taga.

Sesugh ya saurara da abin ji a kunne, ya rufe ido. Da ya buɗe, sun yi ja.

"Yesu," ya ce. "Mama ce?"

"Ita ce."

"A wajenmu haka ake yi, ka sani. Uwa ta fito tsakiyar gari ta kira sunan ɗanta, kowa ya ji, kowa ya taya ta. Girmamawa ce. Kai, Nuraddeen, kana da wannan a aljihu ka bar mu muna wahala tun safe?"

Nan ne ya kamata Nuraddeen ya ce a wajenmu ba haka ba ne. Kalma shida ce, ba ta fi ƙarfin bakinsa ba. Sai ya sunkuya yana gyara wayar jita wadda ba abin da ya same ta.

Cikin rabin awa Sesugh ya gama. Ya share ƙarar kaji daga bayan muryar, ya ɗora ta daidai cikin ramin, ya sa jitar ta riƙa ja a ƙarƙashinta a hankali. Suka sake ɗaukar baitin ƙarshe, kuma a wannan karon, da muryar uwarsa a kunnensa, Nuraddeen ya rera shi sau ɗaya tak, Sesugh ya ɗaga masa babban yatsa. Waƙa ta yi kyau, ta yi kyau fiye da duk abin da ya taɓa yi. Wannan ne ya fi ba shi kunya, domin ya ji daɗi.

Sesugh ya tura masa ita a waya, sannan ya tashi ya ja wata igiyar lantarki ya nufi ƙofa.

Yana da wata ɗabi'a a aikinsa. Duk waƙar da ya gama sai ya gwada ta a wata tsohuwar sifika da ke rataye a bakin shagon, mai tsagaggen baki. Hujjarsa ita ce mutanen Potiskum ba da abin ji mai tsada za su ji ta ba, a keke napep za su ji, ko a shagon mai cajin waya, don haka in ta yi daɗi a wannan sifika to ta yi daɗi ko'ina. Nuraddeen ya san da wannan ɗabi'a, ya sha ganin ana yi wa 'yan coci. Amma hankalinsa yana wani wuri, har sai da ya ji jitarsa ta cika layin.

Ya fito da sauri. Masu gyaran waya sun ɗago kai, wani mai rake ya fara kaɗa wuƙarsa yana bin gangar. Muryar Nuraddeen ta fito tana cewa:

*Ka zo da nisan hanya a ƙafarka,*
*aka ce wane ne, na ce wani ne.*
*Ka gyara sanda ka ce haka ne,*
*ka bar ni da nono ɗaya da muka sha.*

"Kashe," in ji Nuraddeen.

"Bari ta kai wurin mana, wurin nake so in ji."

Ta kai wurin. Ganga ta tsaya, jita ta sauka, muryar Dada ta tashi a kan titi tsakar rana, ta ja sunan har ƙarshen layi.

A tsallaken titi, ƙarƙashin darbejiya, akwai mata masu fura da nono. Ɗaya daga cikinsu, wata doguwar tsohuwa, ta tsaya da ludayi a hannu tana tsakiyar dama wa wani fura. Goggo Yelwa ce, ƙawar Dada tun suna 'yan mata a ruga wajen Gadaka, gidanta na kallon nasu. Ta karkata kai a kira na biyu. A na uku ta dubi sifikar, ta dubi Nuraddeen. Ta miƙa wa mutumin furarsa, ta rufe ƙwaryarta da faifai, ta ɗauka ta ɗora a ka, ga nono bai ko kai rabi ba, ta tsayar da keke napep.

"Me ya faru?" in ji Sesugh. "Bes ne, gurnanin kiɗan, ya yi yawa?"

Nuraddeen ya ruga bakin titi neman abin hawa. Ko jitar bai koma ya ɗauka ba.

Ranar kasuwa ce, tireloli sun cika hanya, wasu sun ɗauki shanu suna fita, wasu suna jiran layi. Keken da ya hau ya maƙale a bayan wata tirela, ga ɗan rakiya a samanta yana zaune a kan katako yana cin gyaɗa. Nuraddeen ya kawar da kai. Da ya ga abin ba zai motsa ba ya sauka ya kama tafiya da ƙafa zuwa unguwarsu Yindiski, rana tana dukansa. A hanya ya shirya ƙarya kala uku. Zai ce kwamfuta ce ta ƙirƙiro muryar. Zai ce Sesugh ne ya ɗauka a wayarsa ba da saninsa ba. Zai ce Goggo Yelwa kunnenta ya fara nauyi. Kafin ya kai ƙofar gida duk ukun sun zube, domin Dada ba a yi mata ƙarya ta zauna.

Ya yi sallama. Suna zaune a ƙarƙashin rumfa, Dada da faifan shinkafa a cinya tana tsince tsakuwa, Goggo Yelwa a gefen tabarma, ƙwaryarta a gabanta. Ya tuɓe takalmi ya durƙusa nesa kaɗan.

"Sannu da gida, Dada. Goggo, ina wuni."

"Lafiya," in ji Goggo Yelwa, ba ta dube shi ba.

"Nuru," in ji Dada, hannunta bai bar shinkafar ba. "Goggonka ta ce an sa waƙarka a kasuwa."

"Gwaji ne kawai, Dada."

"Tana cikin wayar?"

"Tana ciki."

"Sa mu ji."

"Dada, da dai an bari…"

"Masu gyaran waya sun ji. Sa mu ji."

Ya ajiye wayar a kan tabarma ya danna. A tsakar gidan uwarsa, kusa da turmi da tulun ruwa, jitar da ya yi ta alfahari da ita ta zama wani abu mara kunya, kamar baƙon da ya shigo ba sallama. Ya sunkuyar da kai yana kallon yatsun ƙafarsa. Baiti na farko ya wuce, na biyu ya zo da maganar sanda da aike. A nan hannun Dada ya tsaya cak a cikin shinkafar. Sai a lokacin Nuraddeen ya tuna cewa ba ta taɓa jin wannan labari ba. Ya shirya gaya wa duniya duka, bai taɓa tunanin cewa uwarsa tana cikin duniyar ba.

Ganga ta tsaya. Muryar ta fito.

Goggo Yelwa ta ja mayafinta ta rufe baki. Saniyar da ke turke ta ɗago kai ta juyo. Dada kuwa ta saurara har ƙarshe, fuskarta ba ta motsa ba, kamar ana karanta mata sanarwar da ba ta shafe ta ba. Waƙa ta ƙare, aka bar kaji da kukansu.

"Wannan matar," in ji Dada. "Wace ce?"

Nuraddeen ya ɗago. Ta kafe shi da ido, abin da ba ta saba yi ba, kuma a cikin idon ya ga abin da take nema a wurinsa.

"Wata mata ce," ya ce. "Ban san ta ba. A wayar wani aka samo."

"To kin ji," in ji Dada, ta juya wajen ƙawarta.

Goggo Yelwa ta dubi Dada. Ta shekara hamsin tana jin wannan murya, a rijiya, a kasuwa, ta katanga. Sannan ta sauke mayafin daga bakinta.

"Muryoyi suna kama," ta ce. "Ga ƙarar motoci kuma. Ni ma na ce anya." Ta miƙe, ta ɗauki ƙwaryarta. "Bari in koma kada nonon nan ya yi tsami a banza."

Dada ta raka ta da sai an jima, daga zaune. Suka ji takun takalminta har ya ɓace a lungu.

Nuraddeen ya so ƙasa ta buɗe. Ya so ta zage shi, ko ta jefe shi da faifan, ko ta ce ya tattara ya koma Jos. Ba ta yi ko ɗaya ba. Ta ci gaba da tsintar tsakuwa tana jefawa gefe.

"Abin da ka faɗa a ciki, na aike," ta ce. "Haka aka yi?"

"Haka aka yi, Dada."

"Da ya dawo daga tafiyar nan, nan ya tsaya, jikin tulun can. Ya ce wa bango ka yi ƙiba. Ya ce ka ba shi kujera, ka tara abokanka ka ce musu ga yayana. Har ya ce wata yarinya Kirista ta durƙusa ta gaishe shi."

Nuraddeen ya kifa goshinsa a kan gwiwa. Kukan da ya ƙi zuwa a gaban makirufo sau goma sha ɗaya ya zo yanzu, ba kiɗa, ba mai ɗauka, mummuna, da majina. Dada ta bar shi ya yi. Ba ta ce yi haƙuri ba, ba ta kuma ce ya isa ba.

Da ya lafa ta ce, "Naka laifin naka ne. In kana so ka rera wa duniya, ka rera, bakinka ne. Amma matar nan ka cire ta. Ba ka tambaye ta ba."

"Zan cire."

"Yau."

"Yanzu zan koma, Dada. Ba a tura ko'ina ba. Zan sa ya goge a kwamfutar, ni ma in goge a nan."

Ya san abin da yake cewa. In aka cire ta ramin zai dawo, waƙar ta koma abin da take da safe, ta mutumin da hannunsa ya fi bakinsa gaskiya. Sesugh zai riƙe kai, Olivia za ta ce ina abin da aka yi ta jira. Ya miƙa hannu zai ɗauki wayar.

"Sau nawa ta kira shi?" in ji Dada. Idonta yana kan shinkafa. "Ban ƙirga ba."

"Sau uku."

Ta gyaɗa kai a hankali.

"Ta more," ta ce. "Wata har aka rufe nata ɗan ba ta samu ta kira shi ko sau ɗaya ba."

Ta ture faifan gefe, ta karkaɗe zaninta, ta gyara zama a kan tabarmar.

"Kafin ka tafi, je ka sa sakata a ƙofar gida," ta ce. "Ka zo ka sake sa wurin."

Nuraddeen ya tashi ya je ya rufe ƙofar.